Darasi na Tara: Bututun Mai da Ya Ratsa Gonakinmu

Duk wanda ya yi noma a ƙasar Gazawa, Agye ko Gidan Rumji a 'yan shekarun nan, ko bai ga aikin da idonsa ba ya ji labarinsa. Manyan motoci suka zo suka share hanya ɗoɗar cikin gonaki, aka jera baƙaƙen bututun ƙarfe kamar an shimfiɗa karan dawa, masu walda suka bi suna haɗa su baki da baki, aka haƙa dogon rami aka binne. Damina ta zo ta wuce, ciyawa ta rufe wurin. Yau idan ba alamomin da aka kakkafa ba, baƙo ba zai san akwai wani abu a ƙasa ba. Alhali dare da rana, ƙarƙashin hatsi da wake da aya, ɗanyen mai na tafiya zuwa teku.

A ajin yaƙi da jahilci wani dattijo ya taɓa ce mini: "Malam, wannan abu da aka binne mana, ni dai na san an ce na mai ne. To man nan ina ya fito, ina za shi, kuma in ya fashe wa zan kira?" Na ce masa: "Baba, tambayarka uku ce, kuma kowace ta isa darasi." Wannan babi amsar tambayoyinsa ne. Abin da nake so ku riƙe tun daga farko shi ne, bututun nan ya zama maƙwabcinmu na shekaru masu yawa. Mutum kuwa ya kamata ya san halin maƙwabcinsa, ya san abin da ke kansa game da shi, ya kuma san abin da yake binsa.

Ina ya fito, ina za shi

Rijiyoyin man Nijar suna yankin Agadem, can cikin rairayin jahar Diffa. A 2008 gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin CNPC na ƙasar Sin don haƙo shi. A watan Nuwamba na 2011 aka buɗe matatar SORAZ a arewacin Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana, kuma aka haɗa ta da Agadem da bututu mai tsawon kilomita 460 da 'yan kai. Daga wannan matata ake samun fetur da gazuwal da iskar gas ta girki da muke saye.

Man da ke Agadem ya fi ƙarfin matata ɗaya, Nijar kuma ba ta da bakin teku. An daɗe ana shawarar bi ta Cadi da Kamaru, daga baya aka tsaya kan Benin. A watan Satumba na 2019 shugaban ƙasa Mahamadou Issoufou ya ƙaddamar da aikin bututun a Kulele, ranar 1 ga Nuwamba 2023 kuma firaminista Ali Mahaman Lamine Zeine ya buɗe shi a can. Tsawonsa ya kai kilomita 1,950: wajen 1,275 a cikin Nijar, 675 a cikin Benin. Ya taso daga jahar Diffa, ya ratsa Damagaram, Maraɗi, Tawa da Dosso, ya tsallaka kogin Kwara ta wajen Gaya, ya ƙare a Seme, bakin teku kusa da Kwatano. Babu bututun ɗanyen mai da ya kai shi tsawo a Afirka. Kamfanin da ke tafiyar da shi ana ce masa WAPCO, reshe ne na CNPC. Ku lura da aikinsa: shi ba mai haƙa ba ne, ba mai tacewa ba ne, ɗan dako ne. Ya karɓi mai a Kulele, ya auna, ya kai Seme, ya sake aunawa, ya ɗora wa jirgin ruwa.

Mu yi ɗan lissafi

Ganga ita ce mudun 'yan kasuwar mai, kuma ganga ɗaya lita 159 ce. An gina bututun don ya ɗauki ganga 90,000 kowace rana. Ku ɗauki allo ku ninka: 90,000 sau 159 ya ba da lita 14,310,000. Idan motar dakon mai ɗaya na ɗaukar lita 36,000, ana bukatar mota kusan 400 a rana. Wato kowane minti uku da rabi, dare da rana, sai tanka ta ratsa tsakiyar Gazawa, ta bi ta Agye da Cadawa, ta wuce Gidan Rumji. Wanda ya san yadda babbar hanyarmu take ranar kasuwa, da amalanke da 'yan kabu-kabu da yara masu talla, zai gane dalilin da ya sa aka zaɓi a binne ƙarfe a ƙasa. Ni a ganina, ta fuskar tsare rayuka a kan hanya, zaɓin daidai ne.

Faɗin bakin bututun inci 20 ne, wato rabin mita da ɗan ɗori. Kowace mita ɗaya tana riƙe da kusan lita 190, saura kaɗan ta cika duro. Idan gonarka ta yi mita 100 a inda bututun ya bi, akwai kusan duro 100 na mai a ƙarƙashinta a kowane lokaci. Ba ya gudu kamar yadda ake zato. Ko da yana aiki da cikakken ƙarfinsa, tafiyarsa wajen kilomita 3 ce a awa, ba ta kai saurin mai tafiya kasuwa a ƙafa ba. Man da ya bar Kulele yau zai yi kusan kwana 26 kafin ya ga teku.

Yadda ake tura shi

Ɗanyen mai ba kamar ruwan rijiya yake ba. Yana da kauri, yana da danƙo, kuma yayin da yake gogar jikin ƙarfe ƙarfin turinsa na raguwa. Shi ya sa aka gina tashoshin turi a kan hanya, jifa-jifa. Kowace tasha tana da manyan injuna masu karɓar man da ya gaji su sake ingiza shi gaba, kamar yadda ayarin fatake a da ke yada zango su sake ɗaura kaya. Tafiyar a hankali take, amma matsin da ke cikin bututun babba ne ƙwarai. Ƙaramar huda kamar ta ƙusa ta isa ta fesa mai sama da tsawon bishiya, ta kuma yi wa wanda ke kusa mummunan rauni. Kada sanyin tafiyarsa ya ruɗe ku.

Tsakanin tasha da tasha akwai ƙananan wurare da aka kewaye da waya ko katanga. A ciki akwai bawul, wato makullin bututu. In an sami ɓaraka, sai a rufe na gaba da na baya, don man da zai zube ya tsaya ga abin da ke tsakaninsu. A ɗakin kula, ma'aikata na zaune gaban kwamfuta suna duba matsi da yawan man da ke wucewa kowace tasha. Idan abin da ya shiga ya fi abin da ya fita, ko matsi ya faɗi ba dalili, sun san akwai matsala. Sai dai na'ura ta fi saurin gane babbar fashewa. Ƙaramin yoyo yakan daɗe yana tsiyaya kafin allon kwamfuta ya nuna, kuma sau da yawa hancin manomi ko idon makiyayi ne ke fara gano shi. Nan ne muhimmancinku yake.

Babban abokin gaban ƙarfe tsatsa ne. Ana lulluɓe bututu da wata fata ta roba kafin a binne, sannan a riƙa sakar masa wutar lantarki 'yar kaɗan mai hana ƙasa cin ƙarfen. Wasu daga cikin 'yan sandunan da kuke gani da ƙaramin akwati a kai, wurin gwada wannan wuta ne. Wanda ya cire waya daga ciki don ya ɗaure shinge ko ya sayar wa 'yan gwangwan, ya buɗe wa tsatsa ƙofa, kuma ɓarnar ba za ta bayyana ba sai bayan shekaru. Ciki ma ana share shi: akan saka wani magogi mai cika bakin bututu, mai ya tura shi daga tasha zuwa tasha yana kankare danƙo da laka. Masu aikin suna yi masa laƙabi da alade. Akwai irinsa mai na'ura a jiki, wanda ke auna kaurin ƙarfe yana nuna inda ya fara lalacewa.

Rumbun mai

Manomi ya san ba ranar girbi ake cinye hatsi ba, dole sai da rumbu. Haka mai. Rijiyoyi na fitarwa kullum, jirgin ruwa kuwa sai lokaci-lokaci yake zuwa, kuma in ya zo yana son kusan ganga miliyan ɗaya a tashi guda, abin da bututun zai yi kwana 11 yana kawowa. Don haka akwai manyan tankuna a mafarin hanya da kuma a Seme. Daga tankunan Seme ake tura mai ta ƙarƙashin ruwa zuwa inda jirgi ke tsayawa nesa da gaɓa.

Irin waɗannan tankuna galibi rufinsu ba kafaffe ba ne. Yana zaune a kan man, ya hau in mai ya ƙaru, ya sauka in ya ragu, don kada a bar sarari da tururi zai taru ya jira tartsatsi. Ana kewaye su da ganuwa mai iya tare man in tanki ya fashe. Ana barin mai ya kwanta, ruwa da laka su sauka ƙasa a tsiyaye su, domin mai saye ba zai biya kuɗin ruwa ba. Sannan a auna, a ɗebi samfuri, a rubuta. Wannan awo shi ne zuciyar cinikin: da shi ake sanin rabon gwamnati da na kamfani. Ƙasar da ba ta da 'ya'yanta masu iya karanta waɗannan ma'aunai, sai dai ta karɓi abin da aka faɗa mata. Ina faɗin haka ne don iyayen da ke shakkar barin yaro, ko yarinya, su yi nisa a karatun lissafi da kimiyya.

Kada a haɗa waɗannan da ma'ajiyar kamfanin SONIDEP. Ita tataccen mai take ajiyewa, wanda motoci ke kai wa gidajen mai. Abin da ke bin ƙarƙashin gonakinmu ɗanye ne. Ba ya tuƙa babur, ba ya tada injin ban-ruwa, in aka zuba shi sai ya kashe injin. Ba magani ba ne kuma: kada a shafa shi a ƙurji, kada a shafa wa dabba.

A 2024 mun ga abin da ke faruwa in hanya ta toshe. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 dangantaka ta yi tsami tsakanin Nijar da Benin kan rufe iyaka. A watan Mayu 2024 hukumomin Benin suka hana lodin mai, sannan aka sassauta, jirgi na farko ya tashi a cikin watan. A watan Yuni aka kama wasu 'yan Nijar a tashar Seme, Nijar ta rufe bututun, kuma a watan ne aka kai masa hari a yankin Tesker. Sai a watan Agusta aka koma lodi. Tanki in ya cika, dole rijiya ta dakata, kuɗin shiga su tsaya.

Gona da bututu

Nan ne zancen ya fi shafar mu, don a yankinmu ƙasa ta yi kaɗan, mutane sun yi yawa, taku goma na gona abin faɗa ne tsakanin 'yan uwa. Bututun na da zirin fili nasa hagu da dama. A al'adar wannan aiki, ana binne shi zurfin mita ɗaya ko fiye, don haka hauya da kalme ba sa kai masa. Abin da ke kai masa shi ne haƙa mai zurfi: rijiya, salga, ramin ɗibar ƙasar bulo, tushen gini, da injin haƙa. Haka nan wucewar babbar mota mai nauyi a inda ba a tanada ba, da hura wuta a kan zirin lokacin sassabe.

Batun itace yana da ciwo, ba zan ɓoye ba. Mutanen ƙasar Agye, musamman wajen Ɗan Saga, sun yi suna har ƙasashen waje wajen rainon kututture a gona, abin da muke kira sassaben zamani, har gawo da kalgo da sabara suka dawo inda dā ya zama fako. A ce wa irin wannan manomi kada ya bar itace ya girma a wani yanki na gonarsa, ba ƙaramin abu ba ne. Amma saiwar babban itace na iya yage fatar bututu, inuwarsa kuma na hana masu sintiri ganin ƙasa. Abin da ya dace shi ne a kiyaye zirin, a kuma lissafa wannan hasara a cikin diyya, domin hasara ce ta kowace shekara, ba ta rana ɗaya ba.

Dokar ƙasa ta san da wannan. Doka mai lamba 61-37 ta 1961, wadda aka yi wa gyara a 2008, ta ce idan za a karɓi filin mutum don amfanin jama'a sai an biya shi diyya ta adalci kafin a karɓa. Tsarin dokar karkara na 1993 kuma ya kafa kwamitocin filaye da ake kira Kofo, tun daga ƙauye har gunduma, masu ba da takardar shaidar gona. Shawarata ga kowa: ka nemi takardar gonarka, ka ajiye duk takardar da ka sa wa hannu lokacin aikin bututu, ka sa a karanta maka ita da Hausa, ka san faɗin zirin da abin da aka yarda ka shuka a kai. Mai aro da mai haya da mai jingina, da matan da ke noma gamana a gonar miji ko ta gado, su ne aka fi mantawa in ana rabon diyya, don sunansu ba ya kan takarda. Mai gari da 'yan Kofo su ne shaidunsu. Makiyaya ma suna da magana duk inda aikin ya taɓa burtali ko mashaya.

Dokar man fetur ta 2017 ta ware kashi 15 cikin 100 na wasu kuɗaɗen harajin mai ga ƙananan hukumomin yankin da ake aikin. Ba laifi ba ne, haƙƙi ne, talaka ya tambayi hukumar garinsu abin da ke shigowa ta dalilin mai da inda aka kashe shi.

In ka ga alama

Alamomin yoyo ba su da wuyar ganewa: warin mai inda babu mota, ƙasa ta yi baƙi ko ta jiƙe cikin rani, shuka ta bushe a wuri ɗaya alhali na kewaye kore ne, ruwan tabki ya yi ƙyalli mai launi-launi, ko ƙara kamar ta tayar da ke sacewa. Bayan ruwa mai ƙarfi a duba inda kwari ya ci ƙasa, domin zaizaya na iya tone bututu ta bar shi a fili. A fadamun Gulbin Kaba da Gulbin Maraɗi ruwa na kusa da sama, man da ya zube zai iya kai wa rijiyoyin sha da na lambu, kuma fitar da shi daga ƙasa aikin shekaru ne. Kwana ɗaya na jinkiri a irin wurin nan yana da tsada.

In ka ga haka, ka ja da baya ta inda iska ke fitowa, ka nufi tudu, don tururin mai ya fi iska nauyi, kwari yake bi. Kada ka kunna ashana ko taba. Kada ka tada babur a wurin, tura shi ko ka bar shi. Ka kore yara da dabbobi. Sai ka yi nisa sannan ka buga waya: ga mai gari, ga jandarma, ga 'yan kwana-kwana a lamba 18, da lambar kamfani in tana jikin alamar da ke kusa. Ka faɗi lambar da ke rubuce a sandar, ita ce adireshin wurin.

Abu na ƙarshe shi ne mafi nauyi a zuciyata: kada a je kwasa. A watan Oktoba 1998, a Jesse ta jahar Delta a Najeriya, mutane suka taru da bokitai a bakin wani bututu da ya fashe, wuta ta tashi, fiye da mutum 1,000 suka rasu. A watan Mayu 2019 tankar mai ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, jama'a suka zo ɗiba cikin dare, fiye da 50 suka mutu nan take. A watan Oktoba 2024 haka ta faru a Majiya ta jahar Jigawa, garin Hausawa irin namu, aka binne fiye da mutum 150. Waɗanda suka je ba mahaukata ba ne, talauci ne ya kai su, kuma kowa na ganin zai cika jarka ɗaya ya dawo. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ku gaya wa samari a gida, ku gaya wa 'yan kabu-kabu a tasha, liman ya faɗa a masallaci. Wanda kuma wani ya zo masa da maganar a huda bututu a raba riba, ya sani shi za a bari da gonar da ta mutu, da rijiyar da ta gurɓace, da tuhuma a gaban shari'a.

Aiki

Ku lissafa a allo: idan bututun ya tsaya kwana 10, ganga nawa ba a tura ba, kuma lita nawa ke nan? Sannan wanda bututu ya bi ta gonarsa ya auna tsawon wurin da taku, mu ƙiyasta duro nawa ke ƙarƙashinta.

Kafin haɗuwa ta gaba, ku rabu uku-uku. Kowace ƙungiya ta je alamar bututu mafi kusa da garinku, ba tare da taɓa komai ba, ta kwafo duk abin da ke rubuce a jiki, haruffa da lambobi, ta kuma zana taswira mai nuna alamar, da rijiya mafi kusa, da burtali, da inda ruwa ke bi da damina. Waɗanda garinsu ke nesa da bututun su je wurin mai gari su rubuto sunayen 'yan Kofo na ƙauyen da lambar jandarma. Mai takardar diyya ko ta gona ya zo da ita, za mu karanta ta tare a aji, layi bayan layi.